Tiyon da Ya Bi Lungun Ƙanwata

Shekarar da soja suka karɓi mulki, daminar da ta gabace ta ba ta tsinana komai ba a ƙasar Matameye. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, kafin zafi ya kama sosai an share rumbuna har ƙasa. A kasuwa masu sayarwa sun fi masu saye yawa, kowa da ramammiyar akuyarsa ko tabarmarsa ko tukunyar matarsa. Mata na jiƙa anza su wanke ɗacinta su dafa wa yara. Maza kuwa, duk mai ƙarfin ɗaga ƙafa ya hau mota ya tsallaka iyaka cin rani, tun kafin lokacin da aka saba.

A wannan shekarar aka turo ni garinmu da aiki. Ni mai zane ne a wani ƙaramin biro, wato ofis, na Damagaram, wanda ya samu aikin ƙara tiyon ruwa zuwa unguwannin da fanfo bai kai ba. Ni ba injiniya ba ne, kodayake haka mutanen gida ke kirana, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba. Injiniyan shi ne shef ɗina, wato shugabana a wurin aiki, wani dogon mutum ɗan Yamai, mai gaggawa, Hausarsa ta cefane ce kawai. Nawa shi ne zama gaban ordinatar, wato kwamfuta, a wani ɗaki da aka ara mana, ina addu'a kada kuran, wato lantarki, ya ɗauke.

A cikin ordinatar akwai lojisiyel, wato abin da muke zanen da shi. Ka ba shi tudu da gangaren gari, ka ba shi faɗin kowane titi, sai ka shimfiɗa tiyo a ƙarƙashin ƙasa, ka gaya masa zurfi da kauri. Yana iya juya maka unguwa kamar an kife ƙwarya, ka ga ƙasanta. Duk abin da ke binne sai ka shigar masa: wayar tarho, tsohon tiyo, rijiya, ramin masai. Kowanne sai ya zagaye shi da da'ira, in tiyonka ya shiga da'irar sai ya koma ja, ma'ana ba ta nan ba. Ina son aikin nan, kuma ina da girman kai a kansa. Ba na haƙuri da mai zane ƙazami, wanda zai bar layi a karkace ya ce masu haƙa za su gyara.

A kan aikin an ɗora wani kaftin. Yakan zo da motarsa, ba ya zama, tambayarsa guda ce, ina aka kai. So yake ruwa ya isa unguwannin kafin damina ta faɗi, don ya ce in yaran da yunwa ta cinye suka sha ruwan kududdufi, amai da gudawa za su kwashe sauran. Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa son mutumin ba, kuma gaskiyar tasa ita ta fi ba ni haushi.

Ɗaya daga cikin lungunan da tiyo zai bi shi ne na ƙanwata, autarmu. Lungu ne matsattse, amalanke da ƙyar take wucewa, kuma da damina ruwa ta tsakiyarsa yake gudu yana yashe rairayi. Don haka tiyo ba ya bin tsakiya, gefe ɗaya yake kamawa, gindin katanga. Na zaɓi gefen gabas, gefen gidanta, har ina jin daɗi a raina cewa fanfon unguwa zai tsaya kusa da ita. Unguwar ta daɗe tana shan wahalar ruwa. Rijiyarsu ta ja ƙasa, guga laka yake fitowa da ita, 'yan ga-ruwa kuma sun fi ƙarfin gidan da ba namiji.

Mijinta yana Kano yana tura kurar ruwa. Ya tafi ya bar ta da tsohon ciki da yarinya guda mai tafiya. Ta haihu bayansa, mace, aka buga masa waya ta wayar maƙwabci, ya yi murna ya faɗi sunan da yake so. Jaririyar ba ta kai ranar suna ba. Nono bai zo ba, uwar da kanta ba ta ƙoshi, aka wayi gari yarinya ta yi sanyi. Manyan gidan suka yanke kada a gaya masa. Haka ake yi a wajenmu, ba a kai wa wanda ke neman abinci a nesa labarin da zai sa ya yar da aiki ya taho hannu wofi, alhali abin da yake aikowa shi ake ci. Duk unguwa ta sani, duk unguwa ta kama bakinta. In ya bugo ya tambayi jaririya, sai ƙanwata ta ce tana barci.

Na je gaisuwa a lokacin, amma ban tambayi inda aka sa ta ba. Namiji ba ya tambayar wannan. Jaririn da bai yi suna ba, ba a ɗaukar sa zuwa maƙabarta, tsohon gida ne ke fita da shi bayan katanga ya haƙa ɗan rami, ya rufe, ya ɗora tsingaro. Na san da haka tun ina yaro, kawai dai bai taɓa haɗuwa da aikina a kaina ba.

Ranar da muka je kafa turaku masu jan fenti, waɗanda masu haƙa za su bi, ina tsaye a lungun sai aka ce ƙanwata tana kirana a zaure. Tana cikin wankan jego, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito.

"Yaya, turken nan da kuka kafa gindin katangata, haƙa za a yi wurin?"

"Haƙa za a yi, Auta. Ruwa zai zo miki har ƙofa."

"Nan take," ta ce.

Ban gane ba sai da ta maimaita. Na leƙa waje, ga turken, ga tsingaron a gefensa, mai awo ya ture shi da ƙafa don ya samu wurin bugawa.

"Yaya, ubanta bai ga fuskarta ba. Ko kukanta bai ji ba. In ya dawo aka gaya masa, me zan nuna masa? Wurin nan kaɗai gare ni. A bar shi ya zo ya tsaya a kai ya yi mata addu'a, bayan nan ku yi abin da za ku yi."

Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan a hannuna yake.

Shef ba ya karkata tiyo don roƙon kowa, sai in ordinatar ta yi ja. Na zauna na duba abubuwan da lojisiyel ya sani a ƙarƙashin ƙasa, ba kabari a ciki. Wanda ya ƙera shi a can ƙasarsu bai taɓa tunanin mutum zai binne ɗansa a gindin katanga ba. Abin da ke tilasta tiyon ruwan sha ya kauce ba tare da gardama ba shi ne ramin masai. Sai na shigar da ɗiyar ƙanwata a matsayin masai. Da hannuna na rubuta, na ga da'ira ta fito, na ga tiyo ya yi ja. Na ja layin ya tsallaka gefen yamma tsawon katangarta, sannan ya dawo. Shef ya leƙa ya ga ja, ya ɗaga kafaɗa, ya sa hannu.

Washegari aka cire turken aka mayar da shi ɗaya gefen. Kafin azahar matar gidan da ke fuskantar na ƙanwata ta aiko a kira ni. Sabon turken a kan nata ɗan ya sauka, wanda ya rasu farkon rani.

Mata ba makafi ba ne. Sun ga turaku na tafiya miƙe, sun zo ƙofar ƙanwar injiniya sun yi tsalle. Daga ranar ba ni da sakat. In na shiga lungun sai na ji sallama daga zaure, in na zauna a biro sai a ce ga wata tsohuwa a waje. Ba sa roƙo, ba sa kuka. Kowace sai ta kai ni gindin katanga ta nuna da ɗan yatsan ƙafa ta ce nan. Wasu na bana ne, ƙasar ma ba ta gama kwanciya ba. Wasu sun daɗe, tsingaron ya nutse, amma uwar ba ta kuskure wurin. Gabas da yamma duk haka ne.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar sun haɗa baki ne su lalata mini zane. Wata tsohuwa da ta nuna mini nata na ce mata, "Haba Iya, wannan ai da ya rayu da yanzu yana da furfura." Ta dube ni ta ce, "Ai bai rayu ba, ɗana." Na koma biro na shigar da shi.

Ta yaya zan shigar da na ƙanwata in bar nasu? A lungun nan ake goya mata yarinya in ta tafi rijiya, a nan ake sammata tsaki in nata ya ƙare. Na yi ta zuba da'ira har suka hau juna. Da na gama, lungun ja ne daga baki har ƙarshe, ba inda tiyo zai sa kai.

Shef ya tsaya a bayana yana kallon allon, ya cire tabarau ya sake mayarwa.

"Wane irin lungu ne wannan? Kowane taku masai? To an gama, ba za a bi da ruwan sha ta nan ba. Cire shi. Fanfon mu kai shi unguwar tasha."

Nan na ga abin da dabarata ta haifa. Unguwa guda za ta rasa ruwa a kan masai ɗin da babu su. Na ce, "Shef, ba masai ba ne." Na gaya masa komai, tun daga turken farko.

Na zaci zai yi faɗa, ya saba. Bai yi ba. Ya ja kujera ya zauna, ya karɓi aikin daga hannuna. Ya rage kowace da'ira ta koma kamar faɗin faifai, ya riƙa lallaɓa tiyon tsakaninsu, gabas, yamma, gabas, muka wuni a kai ba wanda ya ci abinci. Da layin ya fita ƙarshen lungu sai muka sa lojisiyel ya auna ƙarfin ruwa. Shaton garin, wato babban tankin da ruwa ke gangarowa daga gare shi, ba shi da tsawo, lungun kuma a ƙarshen layi yake, kowace kwana tana cin ɗan ƙarfin da ya rage. Ordinatar ta nuna abin da zai fito a fanfo bai wuce ɗigo ba. Ko da ma zai fito, gwiwoyin haɗa tiyo da aka kawo mana ba su kai rabin kwanonin ba, kuma ba wanda zai aiko da ƙari kafin damina.

"Miƙe ko babu," in ji shef. Ya faɗa a hankali, ba ya kallona.

Kaftin ya ji bayanin a tsaye. Na ɗauka zai ce a haƙa kawai, don a lokacin ba wanda ke musu da kaki. Sai ya ce shi ba zai tone ɗan kowa da ƙarfi ba. Masu haƙa suna gefen kasuwa, ranar da suka gama can, in unguwa ta yarda su shigo lungun, in ba ta yarda ba su wuce tasha. Ya shiga motarsa. Da ya tilasta, da mun samu wanda za mu tsine wa. Sai ya bar mana kayan a kanmu.

Aka taru ƙofar mai unguwa, tsofaffi ne zalla, don su suka rage. Malamin unguwa ya ce shari'a ba ta hana a ɗauke mamaci a mayar da shi maƙabarta ba in rayayyu na cikin buƙata, muddin an yi da ladabi. Tsofaffin mata suka shiga gida gida. Amsa ta riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce ta yarda, har tsohuwar da na yi wa rashin kunya. Ƙanwata ce kaɗai ta yi shiru.

Na same ta a tsakar gida, babbar yarinyar kwance a cinyarta, gudawa ta sake kama ta, idanunta sun faɗa. Na zauna ban san ta inda zan fara ba. Ni na ce mata a hannuna yake.

"Yaya, kowa ni yake jira, ko?"

Na ce e.

"Su mazansu sun ga nasu. Sun ɗauke su a hannu." Ta gyara wa yarinyar kwanciya. "Kuma ka san mata ba mu zuwa maƙabarta. Nan ina wucewa in gan ta in na fita. In an kai ta can, shi ke nan ni da ita."

Na so in ce mata ta ƙi, wallahi na so, a kai fanfon tasha kowa ya huta. Amma ga yarinyar a cinyarta, ga tulun ruwan laka a gindin bango.

Ta daɗe tana shafa kan yarinyar, sannan ta ce, "Ku haƙa. Amma kai ka bi su, ka gane wurin. In ya dawo kai za ka kai shi."

Da hantsi aka yi aikin. Masu haƙa suka tsaya daga nesa da digoginsu, tsofaffi suka shiga lungun da ƙananan fartanyoyi, inda aka kusa sai su sa hannu. Mata duk suna cikin gidaje, ba ka jin ko tari. Waɗanda suka daɗe ba a samu komai ba sai ƙasa mai duhu, aka kwashi ƙasar aka naɗe a farin ƙyalle. Na ƙanwata baffan mijinta ne ya tona, wanda ya binne ta. Da ya miƙo mini, nauyinta bai kai na mudun gero ba. Na rungume ta har maƙabarta, ban ba kowa ba.

A gefen maƙabarta aka haƙa musu layi guda, kusa da kusa. Na ga inda aka sa ta. Na kafa sanda a kanta, na ɗora tsingaro, na kuma fito da 'yar na'urar awon wuri da muke aiki da ita na ɗauki wurin, tsofaffi na harara ta. Kafin la'asar masu haƙa sun shiga lungu, igiya miƙe, rami miƙe, yadda na zana shi tun farko. A ordinatar na goge da'irorin ɗaya bayan ɗaya, lungun ya koma shuɗi.

An sa tiyo, an rufe, ruwa ya zo kafin damina. Kaftin ya zo ya murɗa fanfo ya tafi.

Mijinta bai dawo ba sai da aka yi ruwan shuka. Baffansa ya tare shi a zaure ya gaya masa. Da na zo na same shi zaune a kan buhun da ya taho da shi, bai ko cire takalmi ba. Ya ce, "Yaya, an ce kai ka san wurin." Na ce tashi mu je.

Tun daga nesa na ga maƙabartar ta canza. Watannin nan ba su bar yara ba, na unguwanni da na ƙauyukan kusa, layin da muka haƙa ya ƙaru ta gaba da ta baya, an kuma yi wasu layukan a gefensa. Sanduna babu ko ɗaya, masu neman itacen girki sun tsince. Ruwan farko ya zo da ƙarfi, ya baje 'yan tudun rairayin, ya tara tsingaro a gefe guda. Na kunna na'urar. Ta kai ni wurin, amma kuskurenta taku da yawa ne, kabarin jariri kuwa bai kai taku guda ba. Na yi gaba, na yi baya, na tsaya.

"A tsakanin nan take," na ce masa, na nuna da hannu daga nan zuwa can. "Ban san wanne ba ne."

Ya cire takalmi, ya fara daga inda na fara nunawa, ya tsuguna ya yi addu'a, ya matsa kaɗan ya sake tsugunawa. Haka ya bi wurin duka, yana kiran sunan da ya raɗa mata ta waya, wanda ba a taɓa kiran ta da shi ba. Ni ina tsaye da na'ura a hannu, baƙin ciki ya cika ni har na kasa yin addu'ar ma.

Da muka koma, shi ya wuce ɗaki kai tsaye. Ita tana tsaye a tsakar gida tana jiran mu.

"Ya gan ta?"

Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Akwai inuwa a wurin, Yaya?"

Na ce babu, fili ne.

Ta ce, "To." Daga waje wata ta ɗaga murya tana cewa fanfo ya kawo, a yi sauri don ba ya daɗewa. Ta ɗauki bokiti ta fita.